Shogun da Aka Hana Shi Mutuwa

Ga wata nan ta taso daga nesa, ku gyara zama ku tare ta, don ni ba na maimaita magana.

Can gabas, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya karɓa, akwai wasu tsibirai da ake ce wa Japan. A wani zamani da ya shuɗe suna da sarki, amma sun ajiye shi a wani tsohon gari kamar kwallar jere, a goge a mayar. Mai mulkin gaske shi ne sarkin yaƙi, wanda suke kira Shogun. To a gidan Shogun ɗin ne wata tsohuwa ta buɗe akushin miya da rana tsaka, ta ga mutumin da ya mutu kwana arba'in yana zaune a cikin romon, ya rungume gwiwa yana kallonta.

Bari in ɗan koma baya.

Sunan Shogun ɗin Tanemori. Wai sarkin yaƙi, alhali ko zakara bai taɓa yankawa ba. Tun haihuwa ba shi da lafiya. Kansa na rawa, ƙafa ɗaya a shanye, in zai yi magana sai ka gama shan ruwa ka ajiye moɗa bai kai ƙarshen kalma ba. 'Yan'uwansa goma sha ɗaya ƙosassu duk suka mutu, shi da aka ce ba zai kai suna ba, shi ya rage. Da sarauta ta faɗo kansa sai wazirai biyu, na Dama da na Hagu, suka ji kunya. Ba shi ya ji ba fa, su suka ji. Suka rataya asabari a gabansa, suka ce ido bai isa ya kalli Shogun ba. Sai su shiga bayan asabari su fito su ce, "Shogun ya ce." Shekara goma sha uku Shogun yana ta cewa, bakinsa a rufe.

Mutum ɗaya ce ke shiga ban da su, wata tsohuwa mai suna Osato. Aikinta ɗanɗano. Duk abin da zai shiga bakin Shogun sai ya fara bi ta nata, don in da guba ita ta tafi. Tun ranar da aka yaye shi take wannan aiki, shi ya sa yake ce mata Iya.

Wata rana da damina, tana ba shi romo a baki, ya ce, "Iya, ya isa." Ya jingina da bango, shi ke nan. Ta buɗe baki za ta rusa kuka, sai ta ji hannu ya toshe mata shi. Wazirin Dama ne, ƙato mai wuya kamar turmi. Na Hagu, wani siriri mai murmushin da ba ya kai wa ido, yana jan ƙofa yana rufewa.

Ku ji dalili. Tanemori ba shi da ɗa, kuma bai ambaci magaji ba. A dokarsu, in Shogun ya mutu haka, mulki ya koma hannun sarkin nan na jere, wazirai kuwa kowa ya nemi gonar ubansa. Na Dama yana da ɗan takararsa, wani ɗan baffan mamacin da ke auren 'yarsa. Na Hagu yana da nasa, wani ɗan gwaggon mamacin, sakarai mai daɗin juyawa. Shekara goma sha uku mutanen nan biyu ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba, sai a kan gawa.

Na Hagu ya ce, "Ke tsohuwa, me kika gani?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ya cika."

Ya ce, "Barci yake. Za ki ci gaba da kawo abinci sau uku a yini, ki fito ki ce ya ci. Daga yau duk bakin da ya ce Shogun ya mutu, za a raba shi da wuyansa. Doka ce, Shogun ne ya kafa ta yanzun nan."

Kun ji fa! Suka zuba wa ɗan mutane gishiri da gawayi kamar fatar jima, suka tayar da turaren wuta dare da rana, suka zauna cinikin wanda zai hau. Kowa yana aika wa hakimai kyauta, kowa yana jira nasa su fi yawa. Ita kuwa Osato ta shiga da akushi, ta durƙusa a gaban tulin gishiri, ta cinye abincin da kanta hawaye na ɗiga a ciki, ta fito ta ce, "Ya ci." Har ƙiba ta yi, baiwar Allah, don baƙin ciki.

To ran kwana arba'in ne ta buɗe akushi ta gan shi. Yana zaune a bakin wani kogi, ƙanƙane kamar ƙwayar wake. Ta sa yatsa a romon, don hannu ya saba, ta lasa. Ba miya ba ce, ruwan kogi ne mai laka. Ta sa hannu, bai taɓo gindi ba. Ta sa har kafaɗa. Ta ce, "To." Ta ɗaure ɗamara, ta shiga da ka.

Ta faɗo a cikin wani dajin gora, akushin ya biyo ta ya buge ta a ƙeya, murfin ya biyo bayansa. Ta tsince su ta saɓa. Ba ta yi nisa ba ta ji hayaniyar kasuwa. Ashe a wannan daji duk kayan gidan da ya shekara ɗari yake zuwa ya yi rai. Ga laima mai ƙafa ɗaya tana tsalle, ga takalman katako suna tafe bibbiyu suna gulma, ga tsintsiya ta riƙe ƙugu. Wani ludayi ya hango ta ya ƙwala ihu: "'Yar madafa ce! Ku kama ta! Irinsu ne ke buga mu a bakin tukunya!"

Suka yi mata ca, suka kai ta gaban Sarkin Tukwane. Wata baƙar tukunyar ƙarfe ce, girmanta ya kai rumbu, da tsaga daga baki har ciki. Muryarsa na fita kamar daga rijiya.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam mai ƙididdigaggen kwana, me ya shigo da ke ƙasar waɗanda aka gama da su aka yar?"

Ta ce, "Gafara dai, babban gida. Ubangidana nake nema, yana bakin kogi."

Ya ce, "Babu mai wucewa sai ya biya mini buƙata. Shekara ɗari ke nan da aka sauke ni daga murhu, aka jefo ni nan ba tare da an wanke ni ba. Na manta abin da na dafa na ƙarshe, kuma ban san laifina ba. Ki faɗa mini. In kika yi ƙarya, za ki zama mara, a yi ta kwasar tuwo da ke har ƙarshen duniya."

Aka kawo tsani. Ta hau, ta sauka ciki, ta kankaro ƙanzo da farce, ta ɗora a harshe. 

Ta ce, "Kunun mai jego ne. Shinkafa, da citta, da ɗan gishirin teku. An sa zuma, amma a makare. Ya ƙone ta gefe ɗaya, wato an bar shi a wuta ba mai juyawa. Babban gida, ba ka yi laifi ba. Wadda aka dama wa ce ba ta jira ba. Masu gidan sun kasa kallonka ne, shi ya sa."

 Ruwa ya riƙa tsatsowa daga tsagar nan. Can Sarkin Tukwane ya ce, "Haka ne. Na tuna. Ku ba ta hanya, ku ba ta muciya."

Wata tsohuwar muciya ta fito tana ƙunƙuni, ta faɗa hannunta. Osato ba ta san me za ta yi da ita ba, amma tsohuwa ba ta ƙin kyauta.

Ta yi kwana takwas tana tafiya, ta ƙetare wani tudu da ƙanƙara ke sauka a kansa ja kamar manja, ta bi ta wani kwari inda kifaye ke sheƙa a kan itace. Sai ta ɓullo wani fili mai faɗi, cike da ƙananan tuddai, ciyawa ta rufe su. Ta zauna a kan ɗaya don ta huta, tudun ya ce, "Wayyo bayana."

Mutum ne. Duk mutane ne, dubbai, a durƙushe, goshinsu ya yi saiwa a ƙasa.

Ta ce, "Bawan Allah, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Ni babban bafade ne a zamanina. Mai tsaron ƙofar can ya ce in durƙusa, na durƙusa. Ina jira ya ce in tashi."

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗari uku, ina jin. Kada ki yi magana da ƙarfi, kar ya ce ban da ladabi."

Osato ta dubi gwiwoyinta. Shekara hamsin suna lanƙwashewa da an yi tari a fada, ba su taɓa shawara da ita ba. Ta san halinsu. Ta kwance ɗamara, ta haɗa muciyar nan da ƙafarta ta dama, ta ɗaure tam daga cinya har idon sawu. Ta nufi ƙofar tana jan ƙafa.

Mai tsaron wani aljani ne ja wur, hancinsa ya kai tsawon taɓarya, riƙe da mafici na gashin tsuntsu. Ya daka mata tsawa: "Durƙusa!"

Gwiwar hagu ta tafi nan take, munafuka. Ta dama ta nemi bi, muciya ta ce ba inda za ki.

"Durƙusa, ya ke ƙurar ƙasa! Ni ne wanda duwatsu ke sunkuya wa!"

Ta ce, "Ka yi haƙuri, mai hanci. Ina so, ƙafar ce ta ƙi."

Ya yi ta uku, har sama ta tsage, ciyawar bayan mutanen nan ta kwanta. Osato na tsaye a karkace, gumi na zuba, tana zagin gwiwarta ta hagu a ciki. Kada ku ce jarumta ce. Muciya ce.

Aljanin ya fashe da dariya, ya buɗe ƙofa. Ya ce, "Tun da aka kafa ni a nan, mutum bakwai ne suka wuce a tsaye, huɗu daga ciki kurame ne. Wuce, uwata. In kin dawo ki neme ni."

Bayan ƙofar sai kogi, ba a ganin ɗaya gaɓar. Mutane na ta isowa, masunta, manoma, mata da jarirai. Kowa ya iso sai a ji kukan danginsa ya biyo shi a iska, siriri, sai mai fito ta ɗaga kai ta ce, "Shigo." Mai fiton wata tsohuwar aljana ce, gashinta har ƙasa, idonta fari fat babu baƙi. Su dai haka suka ce abin yake a wajensu, Allah ne masani.

Can gefe, kan wani dutse, ga Tanemori. Wuyansa ya sirance ya koma kamar kara, cikinsa ya fara kumbura.

Ya ce, "Iya! Ke ma kin mutu?"

Ta ce, "Ban mutu ba, ɗan nan. Me ya sami wuyanka?"

Ya ce, "Ta ƙi ɗaukata. Kullum ina tashi in bi layi, ta ce in koma. Iya, ko na yi wani laifi ne?"

A nan magana na fita masa sumul, kan ma ya daina rawa. Osato ta juya ta nufi mai fito, muciya na bugun ƙasa.

Ta ce, "Uwar ruwa, gaisuwa nake. Me wannan ya yi miki?"

Aljana ta ce, "Ya ke mai rai a cikin marasa rai, bai yi mini komai ba. Ni ba na ɗaukar kowa sai na ji shaidar mutuwarsa daga duniya. Wannan, a duniya yana da rai. Jiya ma ya ci abinci sau uku, ya kafa doka biyu."

"Kuka kike so? Ga shi!" Osato ta zauna daɓas ta saki kukan da aka toshe mata, ta yi ta yi har masu bin layi suka taya ta.

Aljana ta jira ta gama. Ta ce, "Kukanki ya isa ya fitar da masunci, ya isa ya fitar da manomi. Amma kakan kakan wannan ya zo nan da ransa, da rundunarsa, ya ce kukan mata bai dace da jininsa ba. Ya sa na rantse ba zan ɗauki wani Shogun ba sai na ji babbar ƙararrawar fadarsu. Na rantse. Ba ni na nema ba."

Kun ga girman kai inda yake kai jika?

Osato ta ce, "In ba a buga ba fa?"

"Kwana arba'in da tara ake ba kowa a wannan gaɓa. Yau yana da arba'in da takwas. Gobe in rana ta faɗi ban ji ba, wuyansa zai koma kamar allura, cikinsa kamar randa. Zai shiga cikin mayunwata masu yawo a bayan duniya, ba ci, ba sha, ba mutuwa, har abada."

Osato ta ce, "In na koma na faɗa, za su sare ni kafin in rufe baki, su ce tsohuwa ta haukace. Ki ba ni aronsa, yini ɗaya."

"Wanda ya iso nan ba ya komawa. Amma zan iya zuba miki muryarsa a akushin nan, numfashi ɗaya tak. Ana buɗewa ta fita, ba ta dawowa. Sai dai ni ba na kyauta. Shekara dubu nawa ina fito, masu wucewa suna ta ba ni labarin tsami da zaƙi, ban san ko ɗaya ba. Na ji labarin harshenki daga dajin gora. Ki ba ni ɗanɗanon da ke kansa."

Shi ne sana'arta, shi ne abin alfaharinta, ba ta da wani. Ta ce, "Ɗauki. Abin da na ci a kwana arba'in ɗin nan ya fitar mini da sha'awar abinci."

Aljana ta miƙa farce ta shafi harshenta. Osato ta ji bakinta ya koma kamar ta tauna auduga. Ta buɗe akushi ta miƙa wa Tanemori.

Ya riƙe yana kallonta. Ya ce, "Iya, me zan ce?"

Ta ce, "Abin da ka ga dama."

"Ko in ambaci ɗan baffa? Wazirin Dama zai ji daɗi. Amma na Hagu zai yi fushi. In na ce na mutu kuma, duk su biyun za su yi fushi, mulki ya bar gidanmu, a ce ni na zubar. Ki faɗa mini kawai, Iya, ke kin fi ni sani."

Ranta ya ɓaci. Ta san in ya ambaci magaji, cewa za su yi ga shi nan da ransa yana magana, su ƙara wata guda suna shirin biki. Maganar na bakinta. Ta haɗiye.

Ta ce, "Shekara talatin da huɗu ana sa maka magana a baki kamar yadda nake sa maka romo. Numfashi ɗaya ya rage maka a duniya. Wallahi ba zan taɓa shi ba."

Ta juya baya, ta toshe kunnuwa da yatsu. Da ta waiwayo ya rufe akushin, yana haki. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Ta koma wajen mai hanci. Ya ce, "Rungume kayanki." Ya kaɗa maficin nan sau ɗaya. Ta tashi sama kamar ganye, ta wuce filin masu durƙuso, ta wuce jan tudu, ta wuce dajin gora, tsuntsayen iska na saran murfin suna so su sha abin da ke ciki, tana kai musu duka da muciya. Ta kwana a sama, ta yini. Ta faɗo cikin tulin toka a bayan madafar fada, la'asar ta yi.

Mai gadin ƙofar ciki ya ce, "Iya, ina kika shiga kwana tara? Wazirai da kansu ke kai abinci, suna fitowa fuska a kore."

Ta ce, "Zawo. Matsa."

Ta tarar da zaure cike. Hakiman ƙasar duka sun hallara, jere a gaban asabari, goshi a ƙasa, turare ya turnuƙe har ido na yaji. Ta raɓa ta gefe da akushinta ta shige baya, ba wanda ya dube ta. Wa ke duban mai kawo abinci?

Wazirin Dama ya miƙe da takarda. Ya ce, "Shekaranjiya Shogun ya kira ni, ya buga hatiminsa da hannunsa mai albarka. Ya zaɓi ɗan baffansa."

Na Hagu ya zaro tasa. Ya ce, "Abin mamaki. Jiya da hantsi ya kira ni, yana cikin nishaɗi, har ya yi mini ba'a. Ya ce ya sake shawara."

"Ƙarya kake, ɗan siririn maciji!"

Na Hagu ya ce, "To mu ɗaga zaman zuwa sabon wata, Shogun ya ƙara tunani."

Osato ta dubi taga. Rana ta yi ja, ta kusa taɓa katanga. Ta durƙusa a gaban tulin gishirin, har yanzu ba ta san abin da ta ɗauko ba. Ta ɗaga murfi.

Murya ta fito, ta cika zauren, babu in'ina ko ɗaya.

"Ni ne Tanemori. Na mutu yau kwana arba'in da tara, da rana tsaka, a kan tabarmar nan, ba kowa a wajena sai Iya. Ban zaɓi kowa ba, ba wanda ya taɓa tambayata. Ku buga mini ƙararrawa, na gaji."

 Takardar na Hagu ta zame ta faɗi. Amma Wazirin Dama, kai, wasu mutane an wanke musu ido da toka! Ya ɗaga hannu ya ce, "Kun ji! Kun ji muryarsa da kunnenku! Yana nan da ransa, zazzaɓi ne ke sa shi sambatu!"

Sai wani tsohon hakimi daga tsibirin arewa, mai ido ɗaya, wanda ba a ba shi kyautar kowa ba don an raina ƙasarsa, ya ɗago kai. Ya ce, "Waziri, ni baƙauye ne, ka taimake ni. In yana da rai, umarni ya bayar, a buga. In ya mutu, al'ada ce, a buga. Wanne ne a ciki ba a bugawa?"

Bai jira amsa ba. Ya tashi ya fizge asabarin nan, shekara goma sha uku tana rataye, ta zube. Kowa ya ga abin da ya gani: tulin gishiri, da ƙafa ɗaya shanyayya ta leƙo, da tsohuwa riƙe da akushi wayam.

Ƙararrawar tana tsakar fada, sai mutum ashirin ke jan gungumen da ake dukanta da shi. Ba a tsaya neman bayi ba. Hakimai da manyan rigunansu suka kama igiya, Osato ta kama jela. Rabin rana ya nutse. Suka ja baya, suka saki.

An ce har masunta a teku sun ji.

Yanzu kuna jira in ce an sare wazirai, ko? Ina! Kafin a gama wanke gawa sun shirya. Suka tafi tare wajen sarkin nan na jere, suka yi kuka, suka ce baƙin ciki ne ya ruɗa su, ƙaunar ubangidansu ce ta hana su yarda ya tafi. Sarki bai san yadda ake mulki ba, wa zai riƙe masa? Su ɗin dai. Na Dama ya zauna a dama, na Hagu a hagu. 'Yan takarar nan biyu aka manta da su kamar ba a haife su ba. Hakimi mai ido ɗaya aka mayar da shi arewa, aka ƙara masa haraji. Masu rubutu kuma suka rubuta cewa Shogun ya rasu ranar da aka buga ƙararrawa, bayan gajeriyar jinya, wazirai na riƙe da hannunsa. Osato, aka gwada ta da gishiri da sukari ta kasa bambancewa, aka ce ta tattara tsummanta. Shekara hamsin! Ko tabarma ba su ba ta ba. Ta fita ta ƙofar baya tana dogara muciya, ba ta gaishe da kowa ba.

Amma a can bakin kogi, lokacin da saura ƙiris rana ta ɓace, ƙara ta iso bisa ruwa, mai kauri, har jirgin ya girgiza. Mai fito ta ɗaga kai. Ta dubi dutsen nan ta ce, "Kai. Shigo."

Ya taso, wuyan da ƙyar yake riƙe kai. Jirgin cike yake da masunta da wata mai sayar da gawayi. Ya tsaya a baki yana rarraba ido.

Ya ce, "A ina zan zauna?"

Ta ce, "Inda ka so."

Ya daɗe a tsaye. Mai gawayin ta ce, "Malam, ka zauna mana, ka tsayar da mutane." Ya taka ya wuce can gaba, wajen hancin jirgi inda iska ke bugu, ya zauna, ya tsoma hannu a ruwa. Mai fito ta kafa gora ta tura.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. Kan ɓera ya fi ƙarfin haƙorina yanzu, wanda ke so ya ɗauka, ku tashi ku ba ni wuri.